Ranar da Kawu Ya Wanke Mini Ƙafa

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa a Argungu, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Ban sami jana'izarsa ba. Labarin bai iso gare ni a Birnin Kebbi ba sai washegari, a bakin wani direban motar albasa da ya tsaya shan shayi kusa da ofishinmu. A cikin hira ya faɗa, bai ma san ni ɗan ƙanwar mamacin ba ne. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gudu daga gari zuwa gari don ya sanar da mutane rasuwar 'yan'uwansu tun ba a rufe su ba, shi ba a sami wanda zai yi masa gudun ba. An ce an ba wani sallahu a tasha. Wanda aka ba ya manta.

Na isa bayan azahar na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a inuwar dogon yaron da ya dasa da hannunsa. Na yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka matsa mini na zauna kusa da liman. Mutane suna ta zuwa, kowa ya shafa fatiha ya ce mutumin kirki ne, daga nan sai a koma zancen ruwan gulbi da ya janye da wuri bana. Samarin unguwa da ke zaune a gefe sun san shi ne kawai da tsoho mai lambun albasa, mai yawan gaisuwa. Da wani dattijo ya ce ai marigayi ya sha barin Argungu bayan sallar asuba ya yi walaha a Birnin Kebbi, da ƙafarsa, sai na ga biyu daga cikinsu sun dubi juna. Ɗaya ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Wajen la'asar sai ga wani Ibo mai shagon kayan keke a Birnin Kebbi, abokin Kawu tun da daɗewa. Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya tuɓe takalmi ya zauna a bakin tabarma, ya yi ta'aziyya yadda ake yi, sannan ya ɗauko labarin da na san sai an ɗauko.

"Ni da idona nig gani," in ji shi. "Tsoho ya ci tseren ƙafar nan na Argungu zuwa Birnin Kebbi sau uku a jere. Ran nan ɗan ƙanwatai yak kada shi. Da wani na, sai shi ɓata rai shi koma gefe. Shi ko, ko numfashi bai gama maidawa ba, yak karɓi buta hannun wani, yad durƙusa gaban wanda yak kada shi, yaw wanke mai ƙafa. Gaban manya, gaban 'yan makaranta. A garinmu ban taɓa ganin haka ba, nan ma ban sake gani ba. Ga shi nan zaune, ku tambaye shi."

Duk aka juyo kaina. Na ce haka aka yi. Liman ya ce tawali'u kyauta ce da Allah ke ba wanda ya so. Aka ce amin, aka ce Allah ya jiƙansa.

Ba a jima ba wani mutum tsarana da ban sani ba ya gyara murya. Ya ce daga wani ƙauye bayan Ambursa ya fito, labarin rasuwar ya ji a kasuwa ya ga bai kamata ya zauna ba.

"Mahaifinmu na da lambu bakin hanyar da anka bi da tseren," ya ce. "Ran nan marigayi ya ratsa ta cikin fangalin albasarmu, sabon dashe, an ba shi ruwa ke nan, yat tattake. Washegari yad dawo da iri nai, yas sake dasa muna da hannunai. Baba bai riƙe shi da komi ba, amma har Allah yai mai cikawa ban ji ya furta ba. Shi na nic ce bari in zaka in faɗa gaban jama'a, kada wani abu shi rage kanai. Mun yafe, duniya da lahira."

Liman ya sa masa albarka. Can bayana na ji wani ya ce a hankali, "Ashe shi ma ya taɓa yanke." Wani ya amsa masa, "Kuma duk da yanken bai ci ba."

Ban ce komai ba. Ni na ratsa lambun nan. Kawu ƙafarsa ba ta taɓa fangali ko ɗaya ba. Wankin ƙafar da ake yabonsa da shi, taɓon lambun ya wanke mini don kada alƙalan tsere su gani. Shekara goma sha biyu na san wannan. Abin da ban sani ba sai ranar shi ne ya koma ya gyara ɓarnar, kuma a ƙauyen nan sunansa ne ke ɗauke da laifina. Yanzu ga shi an rufe shi da shi.

Bari in faɗi ko wane ne Kawu, tunda waɗanda suka sani suna ƙarewa.

Dogo ne, siriri, ƙafarsa kamar an ƙera ta da icce. Tun yana saurayi, lokacin da mota takan yi kwana biyu ba ta biyo ba, shi ake aika. In an yi rasuwa kuma mamacin yana da ɗa a Augie ko ƙanwa a Birnin Kebbi, sai a ce a kira shi. Ya ɗaura wando, ya ƙulla curin fura a ƙyalle, ya kama hanyar fadama. Ba ya bin hanyar mota, ya ce ta yi zagaye kuma tana cin dunduniya. Ya san kowane mashigi, ya san inda ƙarangiya ta yi yawa, ya san rijiyar da ruwanta ke da zartsi. Mahaifiyata ta ce ko ruwa bai yarda ya sha a gidan da ya kai wa labarin mutuwa sai ya ga an gama kukan farko. Yakan zauna a waje ya jira.

Da ma'aikatan wasanni suka fara zuwa daga Sakkwato suna shirya tseren ƙafa daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, mil talatin da wani abu ta cikin fadama, mutane ne suka tura shi. Shi bai ga dalilin da mutum zai yi gudu ba a aike shi ba. A lokacin ya doshi hamsin. Aka ba shi singileti mai lamba, ya sa a kan taguwarsa. Sojoji sun shiga, 'yan kwaleji sun shiga da fararen takalman kambas. Ya iso ya yi alwala ya yi nafila kafin na biyu ya ɓullo.

Ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba, ko a tsere. Masu jan jigo suna ban ruwa, mata masu tallar nono, masunta da ke gyaran taru, kowa sai ya ji "sannunku da aiki" ya ɗaga kai ya ga bayansa. Da na fara binsa gudu na ce masa wannan ɓata numfashi ne. Ya ce, "In ba ka iya gaida mutane, gudunka ya yi yawa, rage. Wanda bai iya sannu ga Alwasa, ba shi ganin Ambursa." Alwasa tana farkon hanyar, Ambursa kusa da ƙarshenta. Gaskiyarsa ce, na gwada na gani. Amma shi ba don dabara yake yi ba, haka yake.

Ɗaya dokarsa kuma ita ce gonar mutum ba hanya ba ce. Ko gonar da aka girbe, ba komai a cikinta sai kututture, sai ya zagaye ta kan iyaka. Na sha jin haushin wannan. Muna gudu rana ta take, ga gari can muna hange, sai ya karkata ya bi gefe. In na yi gunaguni ya ce, "Ka tambayi mai ita?" Shi ke nan maganar.

Kyautar da ya ci a tseren farko bokiti ne da fitilar ƙwai. Bokitin ya kai masallacin unguwa, har yau da shi ake ɗibar ruwan alwala, an sha yi masa faci. Fitilar ya ba ungozoma. Kofin shekara ta biyu matarsa, wadda muke kira Inna, ta mai da shi wurin ajiyar daddawa, bai hana ta ba. A shekara ta uku wani ɗan Augie da ke binsa kurkusa ya taka ƙaya wajen Zauro. Kawu ya ji ƙararsa, ya dawo baya, ya zaunar da shi ya cire masa da matsefatar da ke rataye a wuyansa. Ya jira shi ya miƙe, suka tashi tare, sannan ya wuce shi.

A kan wannan muka yi faɗa, faɗa ɗaya tak da na taɓa yi da shi. Na same shi a lambu yana jan jigo, na ce, "Kawu, kai ba ka san darajarka ba. Manya sun tambaye ka mi kaka so, kac ce lafiya. Mutane na shiga tseren ga don su samu aikin gwamnati, kai kana cire ma abokin gaba ƙaya."

Bai daina jan ruwa ba. Ya ce, "Abokin gaba? Ubanai ya taɓa ba ni fura."

Na ce, "To fura za mu ci har mu mutu?"

Ya ce, "Ana shan ta dai, ɗana. Riƙe man gugan ga."

Na yi tafiyata ban riƙe ba. Shekarata talatin a lokacin, da mata da 'ya'ya biyu, makaranta na bar ta a aji biyar, gonar ubana ruwa ya cinye ta shekara biyu a jere. Ban faɗi wannan don a tausaya mini ba. Akwai waɗanda suka fi ni shiga uku ba su ratsa lambun kowa ba.

Shekarar da ta biyo aka ce wanda ya zo na ɗaya za a kai shi Sakkwato ya yi wa yankinmu gudu, kuma za a sama masa aiki. Kawu ya ji, ya ce shi kam me zai yi da aiki, amma zai shiga don mutanen unguwa sun saba. Na so in ce ya janye ya bar mini. Girman kai ya hana ni, kuma na san abin da zai ce: in ina so, in wuce shi.

An shafa farar ƙasa a jikin itatuwa don nuna hanya, an ajiye mutum a kowane gari yana rubuta lambar wanda ya wuce. Tsakanin gari da gari ba kowa sai manoma. Da muka bar Zauro mu biyu ne kawai a gaba. Da muka bar Ambursa ya ba ni rata kamar nisan kira, kuma na san ba ni da abin da zan rufe ta da shi. Cinyoyina sun yi nauyi, bakina ya bushe har harshena na manne wa dasashi. Shi kuwa ina jiyo shi can gaba yana yi wa wasu mata sannu.

Bayan Ambursa hanyar tana yin wani babban lanƙwasa, ta zagaye wani tafki da lambunan da ke bakinsa. Kawu ya shiga lanƙwasar. Ni na zo bakinta na duba, ga inda hanya ta dawo can tsallake, tsakanina da wurin fangali ne jere, kore shar, ruwa na ƙyalli a cikinsu. Wani tsoho na can nesa wajen jigo, ya ba ni baya. Ba zan ce shaiɗan ne ba, don na daɗe ina ɗora masa abin da ni na yi. Na duba dama, na duba hagu, na faɗa.

Wanda bai taɓa taka sabon dashe ba bai san yadda yake ba. Ƙafa na nutsewa har sama da idon sawu, albasar na karyewa ƙarƙashinka, warinta na tasowa. Na fasa bakin fangali ya fi goma, ruwan wannan na kwarara cikin wancan. Na ji tsohon ya yi kira, ban waiga ba. Na haura kan hanya, sai ga Kawu yana fitowa daga lanƙwasa, taku ashirin a bayana.

Ya dube ni, ya dubi lambun. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari."

Yadda yake ce wa kowa. Ba ƙari, ba ragi.

Mil ukun da suka rage ina jin takunsa a bayana, bai matso ba, bai ja baya ba. Ƙarshen tsere nan ne ƙarfinsa yake, kowa ya san haka. Har yau ban sani ba ko kasawa ya yi ko ƙi ya yi. Muka wuce Gwadangaji, muka shigo gari, aka busa usur, na tsinka igiya. Mutane suka yi caa a kaina.

Rani ne. Duk wanda ya bi hanyar nan ƙafarsa fari fat take da busasshiyar ƙasa. Tawa baƙa ƙirin har ƙwauri, lakar fadama ta bushe ta kama, ga ganyen albasa a maƙale tsakanin yatsuna. Ni ban ma lura ba, ina ta haki ina ɗaga hannu. Babban alƙalin tseren yana tahowa da takardarsa, mutumin ƙasar nan ne, kallo ɗaya zai yi ya gane. Kafin ya iso Kawu ya kutsa, ya fizgi buta a hannun wani, ya durƙusa. Ya zare ganyen ya dunƙule a hannunsa. Ya zuba ruwa ya murje lakar da tafinsa, dama da hagu, har tsakanin yatsu. Bai ɗaga kai ya dube ni ba. Sai aka ɗauki tafi. Na ga wani malamin makaranta yana share ido.

Aka ce ya yi magana. Ya ce, "Ya riga ni isowa." Ko a nan bai yi ƙarya ba.

Aka kai ni Sakkwato. A can fili ne ake zagayawa, ga masu takalmi mai ƙusa, ban zo ko na goma ba. Amma aikin an ba ni, masinja. Shekara goma sha biyu ke nan ina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, ina sayo wa yaran da na girma goro da sigari. Su kan ce, "A aiki zakara, shi ad da sauri." Gudu ban sake yi ba. Na ce wa mutane gwiwa ce. Kofin yana kan kabad a ɗakina, matata na goge shi duk Juma'a, baƙo in ya zo shi ake fara nuna masa.

Argungu kuwa na rage zuwa. Sai da Sallah, kuma ina tabbatar da na shiga gidan lokacin da ya cika da mutane. In gaishe shi cikin taro, ya tambayi iyali, in ce rana na yi in tashi. Kullum sai ya miƙe ya ce, "Bari in taka maka tasha." Kullum sai in ce, "Haba Kawu, zamna, ga baƙi." In ya matsa sai in jawo wani ɗan'uwa mu tafi mu uku. Shekara goma sha biyu ban yarda mun tsaya ni da shi mu biyu ba, ko na minti ɗaya. Bai taɓa yi mini gori ba, ko da ido. Da ya yi da na sami abin riƙewa.

Kafin mutumin Ambursa ya tafi ran nan na bi shi gefe, na tambaye shi abin da Kawu ya ce wa mahaifinsu daidai.

Ya ce, "Ina wurin. Yac ce, ɓarnar da anka yi maka jiya, daga gidanmu ta fito. Baba idonai ba su da ƙarfi, dogon mutum kawai yag gani da singileti. Sai yac ce, to ai ga ka ka zaka. Sunka wuni suna dashe."

Na roƙe shi ya dawo ranar addu'ar uku. Ya yi mamaki, amma ya dawo.

Ranar an taru sosai. Da liman ya shafa fatiha, tun mutane ba su fara miƙewa ba, na ce ina da magana.

Na ce, "Jama'a, lambun da anka ce Kawu ya tattake, ba shi na ba. Ni na. Ni niy yanke, shi yab bi hanya. Wankin ƙafar da kuka yabo, lakar lambun ta yaw wanke don kada a gani. Kofin da ke ɗakina nashi na, aikin da nika yi ma ba haƙƙina na ba. In za a yafe, ni za a yafe ma. Shi ba shi da laifi."

Na zauna ina jiran abin da zai biyo. Na shirya wa zagi, na shirya wa tofin Allah tsine. Na ma so su.

Mai shagon keke ne ya fara magana. Ya girgiza kai ya ce, "Kun ji ko? Halin tsohon na yad ɗauko kaf. So shika shi ɗauke ma mamaci kaya."

Liman ya dafa gwiwata ya ce, "Allah shi saka maka, ɗana. Kowa na son shi rufa ma nashi asiri. Amma an riga an yafe, ba sai ka aza ma kanka ba."

Na ce, "Malam, wallahi ni na."

Ya ce, "Bar rantsuwa, zuciyarka ta da zafi yanzu."

Na juya wajen mutumin Ambursa. Ya ce shi dai abin da ya gani ya gani, tsohon ne ya zo da iri, kuma mutum ba ya shigo mota tun daga Argungu ya wuni a duƙe don ɓarnar da wani ya yi. Mutane suka ce haka ne. Daidai nan aka fito da masa da gumba na sadaka, aka shiga rabo, zancen ya mutu. Da ana watsewa wasu har hannu suka ba ni. Wani ya ce da 'ya'yan yanzu za su yi koyi da ni da an ji daɗi.

Na shiga cikin gida in yi wa Inna sallama. Tana takaba, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da carbi, ta lulluɓe. Na durƙusa nesa kaɗan. Katangar gidan gajera ce, duk abin da aka faɗa a waje ta ji.

Ta ce, "Na ji abin da kac ce."

Na ce, "Ba su yarda ba, Inna."

"Mi za su yi da shi? Wancan labarin ya fi daɗin faɗi."

Na ce, "Ke kin yarda?"

Ta ce, "Ni tun ran nan nis sani. Na zo wanke wandonai nit tarar da ganyen albasa cikin aljihu, duk ya murje. Da asuba yat tafi lambu yat tuge rabin irinmu, yan naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, yash shiga motar kasuwa, shi da ba shi son mota. Shekarar nan albasarmu ko ta miya ba ta kai mu damina ba. Ba sai an gaya man ba."

Na tambaye ta ko ya taɓa yi mata zancen.

Ta ja carbi biyu ko uku kafin ta amsa. "Sau ɗai. Wata Sallah da kat tafi kab bar shi tsaye bakin ƙofa. Nic ce mai, ba ka kiran yaron ga ka yi mai faɗa a wuce wurin? Yac ce, faɗan mi, ni niw wanke. Yac ce, da na bar shi da lakatai, da an kore shi ran nan, shi ji kunya wata guda, shi dawo mu ci gaba da gudunmu. Na wanke, na rasa ɗa."

Ta gyara lulluɓinta.

Ta ce, "Mutane na ta yabon shi da wankin nan. Shi duk sa'ad da anka ɗauko zancen sai shi tashi shi bar wurin. Suna cewa kunya ta. Rakiyar da shika cewa zai yi maka, kai ka aza don mi ta? Ka aza bai san ka san hanyar tasha ba?"

Na ce, "Inna, ya yafe man?"

Ta ce, "Ban sani ba. Bai faɗa man ba. Kai shika jira ka tambaya."

Sai ta tambayi matata da yara, ta ce in gaishe su, ta ce in ɗauki albasa a zaure in tafi da ita, ta ƙarshe ce da ya haƙa. Na ɗauka don ba yadda zan ce a'a.

Na dawo a motar kasuwa. Da muka wuce Ambursa na leƙa ta taga, daga kan titi ba a hango tafkin. Tseren ma an daina shi shekaru da suka wuce, hanyar fadamar ta zama gonaki, wanda zai iya nuna maka inda ta bi ya kwanta. Kofin na sauke shi daga kan kabad na tura ƙarƙashin gado. Matata ta tambaya, na gaya mata duka. Ta ce gajiya ce da baƙin ciki, in kwanta in huta. Jiya na dawo daga aiki na tarar ta mai da shi wurinsa, ta goge.

Shi ya sa na rubuta. Da baki na faɗa an mai da shi yabo, wataƙila takarda za a fi yarda da ita. Duk wanda wannan ta isa hannunsa, in hanya ta bi da shi ta wajen Ambursa, ya gaya musu tsohon Argungu mai gaisuwa bai taɓa taka shukar kowa ba, sau huɗu ya ci tseren nan ba sau uku ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa sawun da ya yi don kai wa mutane labarin 'yan'uwansu su zame masa nauyi a mizani. Ya ba Inna haƙurin zaman ɗakin nan ita kaɗai.

Ni kuwa ban san addu'ar da zan roƙa a yi mini ba. Mutanen lambu sun yafe wa wanda bai yi ba. Wanda zai yafe mini an rufe shi ranar Talata, ina nan ina kai fayil, ko ƙasa ban sami zuba masa ba.